Lesitin na waken suya: Tsakanin alƙawuran talla da abin da bincike ya tabbatar

Duk wanda ya taɓa rakiyar matafiyi zuwa filin jirgin sama a Landan ko Jiddah ko New York ya san cewa tsarabar zamani ta sauya. A da turare da atamfa da agogo da dabino ne ke cika akwati. Yanzu da wuya a rufe jaka ba a cusa robobi biyu ko uku na ƙwayoyin ƙarin gina jiki ba, domin a kai wa gyatuma a Kano, ko baba a zangon Kumasi, ko yaya a Yawunde. Daga cikin robobin da suka samu shiga a 'yan shekarun nan akwai na lesitin, wasu ƙwayoyi masu santsi da launin zuma, waɗanda akasari ake samarwa daga waken suya.

Masu tallata shi a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp suna jero amfaninsa tamkar ana yi wa basarake kirari. Wai yana wanke jijiyoyin jini, yana narkar da teɓa, yana gyara hanta, yana kaifafa ƙwaƙwalwa, yana tsinka nonon mai shayarwa, har da batun ƙarfin maza. A ɗaya gefen kuma, musamman a Amurka, an samu wata guguwa da ke kallon duk abin da ya fito daga man waken suya a matsayin guba, kuma lesitin na cikin sunayen da ake gargaɗin mutane su guje musu a jikin kwalayen abinci.

Ɓangarorin biyu duk suna da mabiya a cikin al'ummarmu. Tambayar ita ce: me binciken kimiyya ya gano, kuma mene ne haɗarin da ke tattare da yarda da talla ido rufe?

Daga gwaiduwar ƙwai zuwa matatar mai

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Faransa, Théodore Gobley, shi ne ya fara ware wannan sinadari daga gwaiduwar ƙwai a tsakiyar shekarun 1840. A 1850 ya laƙaba masa suna daga kalmar Girkanci da ke nufin gwaiduwa. Lesitin dangin kitse ne, amma yana da wata baiwa ta daban: gefe guda nasa yana jituwa da ruwa, ɗaya gefen kuma yana jituwa da mai. Saboda haka yakan shiga tsakanin abubuwan nan biyu da ba sa ga maciji da juna, ya riƙe su a haɗe.

Jikin ɗan Adam cike yake da shi. Fatar da ke lulluɓe da kowane ƙwayar halitta da irin wannan kitse aka gina ta. Yana cikin ruwan matsarmama, yana kuma cikin ruwan da ke hana huhu mannewa idan an fitar da numfashi, wanda ƙarancinsa ke jefa bakwaini cikin wahalar numfashi.

Lesitin na ƙwai yana da tsada. Kasuwar ta buɗe ne a shekarun 1920 a birnin Hamburg na Jamus, inda matatar mai ta Hansa-Mühle, ƙarƙashin Hermann Bollmann, ta gano hanyar tace shi daga ɗanyen man waken suya. Idan aka zuba ruwa kaɗan a cikin ɗanyen man, wani danƙo yakan kumbura ya ware. Wannan danƙon, wanda a da tarkace ne da ake neman hanyar zubarwa, shi ake busarwa ya zama lesitin. Har gobe haka ake yi a manyan matatun Brazil da Amurka da Ajantina da China, kuma wannan ne dalilin arharsa a wajen masana'antu.

Ka daɗe kana cin sa

Mafi yawan masu sayen robar lesitin ba su san cewa sun shafe shekaru suna cin sa ba. A Turai da Birtaniya lambarsa E322 a jikin kwalin abinci. Shi ke sa madarar gari ta narke a shayi ba tare da ta yi gudaji ba. Yana cikin bota da biskit da burodin kanti da madarar jarirai. Masu yin cakulan suna zuba ƙasa da kashi ɗaya cikin 100, domin ya sa kwaɓin ya yi laushi, ya kuma rage musu yawan man koko da za su saya. Darajar wannan dabara ta ƙaru a 2024, lokacin da farashin koko ya haura dala 10,000 kan kowane tan sakamakon raguwar amfanin gona a Ghana da Kwaddibuwa.

Ta fuskar lafiya, hukumomi ba su ga abin tsoro a wannan ɗan adadi ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta sake nazarin lesitin a 2017, ta ce ba ta ga buƙatar sanya masa iyakar da ba za a wuce a rana ba. A Amurka yana cikin jerin sinadaran da hukumar FDA da kanta ta tabbatar ba su da haɗari. Wannan bayani yana da muhimmanci a yanzu, domin a watan Maris na 2025 sakataren lafiya na Amurka, Robert F. Kennedy Jr., wanda ya yi fice wajen sukar man da ake tatsa daga iri, ya umarci FDA ta duba yadda za a toshe kafar da ke bai wa kamfanoni damar wanke sinadaransu da kansu ba tare da sanar da hukuma ba. Lesitin bai shigo ta wannan kafa ba.

Haka nan wani babban nazari da aka yi kan Faransawa kimanin 95,000, wanda mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2023, ya gano alaƙa tsakanin ciwon zuciya da wasu sinadaran da ke haɗa mai da ruwa a abincin kanti. Lesitin ba ya cikin waɗanda aka samu da wannan alaƙa. Masu kiran sa guba ke nan ba su da hujja mai ƙarfi. Saura masu kiran sa magani.

Gaskiyar da aka gina talla a kanta

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai gaskiya guda a ƙarƙashin dukkan tallan, ita ce sinadarin kolin. Wani kaso na lesitin, wanda masana ke kira fosfatidilkolin, yana ɗauke da kolin, kuma jiki na buƙatarsa domin fitar da kitse daga hanta, da gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi, da kuma haɗa sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi. Hanta na samar da kaɗan, amma ba ya isa. Wani bincike da Steven Zeisel ya jagoranta a Amurka, aka wallafa a 1991, ya nuna cewa maza masu ƙoshin lafiya da aka hana su kolin na makonni uku sun fara nuna alamun matsalar hanta.

A 1998 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta sanya kolin a jerin sinadaran da dole a samu daga abinci. Ta ƙayyade miligiram 550 a rana ga namiji, 425 ga mace, 450 ga mai juna biyu, sai 550 ga mai shayarwa. A 2016 EFSA ta fitar da nata ma'aunin: miligiram 400 ga baligi, 480 ga mai juna biyu, 520 ga mai shayarwa. Ƙididdigar cin abinci a Amurka na nuna cewa kusan mutum tara cikin goma ba sa kai wannan adadi.

To amma nawa ne kolin ɗin da ke cikin ƙwayar lesitin? A nan lissafi ke tona asiri. Kafson da aka fi sayarwa yana da nauyin miligiram 1,200. A lesitin na waken suya na yau da kullum, kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne fosfatidilkolin, wato wajen miligiram 240, ko da yake wasu kamfanoni suna tace nasu har ya kai 420. Shi kuma fosfatidilkolin, kashi 13 cikin 100 na nauyinsa ne kawai kolin. Ke nan kafso ɗaya na bayar da miligiram 30 zuwa 55.

Ƙwai babba guda ɗaya yana ɗauke da kusan miligiram 147. Sai mutum ya haɗiyi kafso uku zuwa biyar kafin ya kamo ƙwai ɗaya. Giram 85 na dafaffiyar hantar saniya, abin da bai wuce 'yan tsinkayen tsire ba, yana da fiye da miligiram 350. Rabin kofi na soyayyen waken suya yana da fiye da 100. Kifi da kaza da gyaɗa da wake da madara duk suna da rabonsu. Namijin da ya ce da kafso zai cike buƙatarsa ta yini, sai ya sha tsakanin goma da goma sha takwas.

Batun wanke jijiyoyin jini

Da'awar da ta fi jan hankalin masu shekaru arba'in zuwa sama ita ce ta rage kitsen jini, wato kolestirol. Hoton da ake zana wa mai saye mai sauƙi ne: tun da lesitin na narkar da mai a cikin kofi, to zai bi jini ya wanke jijiya kamar yadda sabulu ke wanke maiƙon tukunya. Sai dai jiki ba haka yake aiki ba. Da zarar lesitin ya isa hanji, sinadaran narkar da abinci suna farfasa shi kafin ya shiga jini. Bayan haka, hanta da kanta tana zuba kimanin giram 10 ko fiye na irin wannan kitse a cikin hanji kowace rana ta hanyar ruwan matsarmama. Kafso ɗaya ɗigo ne a kan abin da jiki ya riga ya tanada.

Akwai wani bincike da kusan kowane shafin talla ke ambato. An yi shi a Brazil, aka wallafa a 2010, inda aka ce shan miligiram 500 a kullum na wata biyu ya rage kolestirol gaba ɗaya da kashi 42 cikin 100, mai cutarwar kuma da kashi 56. Waɗannan alƙaluma sun kai ko sun zarce abin da ake samu daga magungunan sitatin mafi ƙarfi. Amma mutum 30 kacal aka yi gwajin da su, kuma a tsawon shekarun da suka biyo baya ba a samu wani babban gwaji da ya maimaita sakamakon ba. A ƙa'idar kimiyya, sakamako mai ban mamaki daga ƙaramin gwaji dalili ne na a sake gwadawa, bai isa a gina magani a kansa ba.

A shekarar 2010 ɗin dai, kwamitin masana na EFSA ya duba hujjojin da kamfanoni suka gabatar kan cewa fosfatidilkolin na waken suya yana daidaita kolestirol, yana taimaka wa tunani, yana kuma saurin warware gajiyar tsoka. Kwamitin ya ce ba a tabbatar da ko ɗaya ba. Abin da dokar Turai ta yarda a rubuta shi ne cewa kolin yana taimaka wa hanta da sarrafa kitse su yi aikinsu na yau da kullum, kuma da sharaɗin abincin ya ƙunshi aƙalla miligiram 82.5 na kolin. Kafso ɗaya na lesitin bai kai wannan mizani ba.

Ƙwaƙwalwa da hanji da teɓa

An daɗe ana fatan lesitin zai taimaka wa masu cutar mantuwa ta Alzheimer, saboda sinadarin aika saƙo da ake haɗawa daga kolin yana raguwa a ƙwaƙwalwarsu. Tunanin yana da ma'ana, an kuma gwada shi. A 2003 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen likitanci tana auna ingancinsu, ta duba gwaji 12 da suka ƙunshi mutum 376, ta kammala da cewa hujjojin ba su goyi bayan amfani da lesitin wajen magance cutar mantuwa ba.

Labarin gyambon babban hanji ya fi ban tausayi. Likitoci a jami'ar Heidelberg ta Jamus sun lura cewa majinar da ke kare bangon hanjin masu wannan ciwo tana da ƙarancin fosfatidilkolin. Suka ƙera wani nau'i na musamman da ba ya narkewa sai ya yi nisa a cikin hanji, kuma gwaje-gwajen farko sun ba da ƙwarin gwiwa. Da aka kai matakin babban gwaji, sai aka dakatar da shi domin bai nuna ya fi ƙwayar da ba ta ɗauke da magani ba. Shi kafson kanti ma ba irin wancan ba ne tun farko.

Rage ƙiba kuwa tsohon yayi ne da aka yi a Amurka a shekarun 1970, lokacin da ake haɗa lesitin da ruwan tsami na tuffa da ciyawar teku da bitamin B6. Yayin ya wuce ba tare da ya bar hujja ba, sai ga shi ya dawo ta wayar salula. Lesitin kitse ne, yana ƙara kuzarin da jiki ke tarawa. Maganar ƙarfin maza ita ma babu wani gwaji a kan mutane da ya tabbatar da ita. Haka kuma fargabar cewa zai sauya wa namiji halitta ba ta da tushe, domin sinadaran waken suya masu kama da na mata kusan ba sa biyo lesitin idan an tace shi.

Hanta: inda kuskure ke iya cin rai

A nan ne batun ya wuce asarar kuɗi. A Rasha da gabashin Turai da ƙasashen Larabawa da sassan Asiya da Afirka, ana sayar da tataccen lesitin na waken suya a kantunan magani a matsayin mai kare hanta. Fitacce a cikinsu shi ne Essentiale, wanda asalinsa daga Jamus ne. Akwai ƙananan nazarce-nazarce da suka nuna cewa alƙaluman gwajin jini na masu kitse a hanta sukan ɗan inganta. Amma gwaji mafi girma, wanda aka yi kan tsofaffin sojojin Amurka 789 masu yawan shan barasa na tsawon shekara biyu, aka wallafa a 2003, bai ga ya hana hanta ci gaba da ƙanƙancewa ba. Ga mai kitse a hanta, abin da ƙungiyoyin likitocin hanta suka fi jaddadawa shi ne rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, da motsa jiki, da shawo kan ciwon suga.

Babbar barazanar da ke fuskantar hantar mutanenmu ita ce ciwon hanta nau'in B. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a 2022, kuma kashi 63 cikin 100 na sababbin masu kamuwa suna yankin Afirka. Kashi 13 cikin 100 kawai na masu ɗauke da cutar aka gano, waɗanda suka samu magani kuwa ba su wuce kashi 3 ba. Jarirai kashi 18 cikin 100 ne kaɗai a yankin ke samun allurar rigakafin da ake yi da zarar an haihu.

Wannan ciwo yakan yi shekaru yana cin hanta ba tare da mutum ya ji komai ba. Akwai magungunan da ke danne ƙwayar cutar, irin su tenofobir da entekabir, waɗanda aka tabbatar suna rage haɗarin ƙanƙancewar hanta da sankara ga waɗanda likita ya ga sun cancanci sha. Lesitin ba ya taɓa ƙwayar cutar ko kaɗan. Wanda aka gaya masa yana da ciwon, ya koma shan ƙwayar gyaran hanta ya daina zuwa asibiti a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, ya bar jaki yana dukan taiki. Ɗan uwan da ya aiko da robar daga waje da kyakkyawar niyya zai iya zama sanadin wannan jinkiri ba tare da ya sani ba.

Haka lamarin yake ga hawan jini da kitsen jini. Wanda ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda ya samu abin da ake kira na gargajiya ko na asali, yana caca ne da shanyewar ɓarin jiki.

Masu shayarwa

Akwai wuri guda da ƙwararru suka ba lesitin ɗan gurbi. A 2022 ƙungiyar likitoci masu nazarin shayarwa ta ABM ta sabunta ƙa'idojinta kan toshewa da kumburin nono, inda ta ce mai shayarwa za ta iya shan giram 5 zuwa 10 na lesitin na waken suya ko na irin sanfulawa a rana, wato kafso huɗu zuwa takwas. Sai dai ƙungiyar da kanta ta sanya wannan shawara a sahun masu raunin hujja, domin ta dogara ne kan abin da ƙwararru suka lura da shi a wajen aiki, ba kan babban gwaji ba.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin ƙa'idojin shi ne sauran shawarwarin, waɗanda suka saɓa wa abin da uwaye da kakanni suka saba yi a lokacin jego. Ƙungiyar ta yi gargaɗi kan murza nono da ƙarfi, domin yana ƙara kumburi da rauni. Ta fifita ɗora sanyi, da ci gaba da shayarwa gwargwadon buƙatar jariri ba tare da tatsa fiye da kima ba. Idan zazzaɓi da jan fata da zafi suka wuce yini guda ba sauƙi, asibiti za a nufa, domin yana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Mai jego da ke zaune a Birmingham ko Bronx, nesa da dangi, tana da ungozoma ko ma'aikaciyar jinya da za ta iya kira kafin ta nemi shawara a waya.

Illa, da tambayar halal

Ga mafi yawan mutane lesitin ba ya yin illa mai tsanani. Idan an sha da yawa yakan kawo gudawa ko tashin zuciya ko kumburin ciki. Iyakar kolin da aka gindaya wa baligi a Amurka ita ce giram 3.5 a rana, kuma wuce ta na iya jawo ƙarnin kifi a jiki da yawan gumi da faɗuwar bugun jini, ko da yake da wuya a kai nan da kafson lesitin.

An kuma yi ta muhawara kan wani sinadari mai suna TMAO, wanda ke samuwa bayan ƙwayoyin halittar cikin hanji sun sarrafa kolin. Masu bincike a asibitin Cleveland na Amurka sun bibiyi mutum 4,007 na shekara uku, suka wallafa a 2013 cewa masu yawan TMAO a jini sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Amma wani gwaji na baya daga wannan cibiya, a 2021, ya nuna cewa ƙwayoyin gishirin kolin ne ke ɗaga shi, ƙwai da kafson fosfatidilkolin ba su ɗaga shi ba. Mai ciwon ƙoda dai ya kamata ya tuntuɓi likita kafin ya fara shan kowane irin ƙari.

Waken suya na cikin abinci 14 da dokar Birtaniya da Turai ta wajabta a bayyana saboda masu alaji, yana kuma cikin guda 9 na Amurka. Furotin da ke saura a lesitin kaɗan ne ƙwarai, yawancin masu alajin ba ya tayar musu da shi, amma wanda nasa ya yi tsanani ya yi hattara.

Ga Musulmi akwai tambaya ta daban. Shi kansa lesitin na waken suya tsiro ne, babu taƙaddama a kansa. Matsalar tana a ɓawon kafson, wanda akasari ake yi da jelatin, kuma a Turai da Amurka jelatin na iya fitowa daga fatar alade ko daga saniyar da ba a san yadda aka yanka ta ba. Sau da yawa kalmar jelatin kawai ake rubutawa ba tare da ƙarin bayani ba. Mai son kauce wa shubuha sai ya nemi tambarin halal, ko kafson da aka yi da tsiro, ko lesitin na gari wanda ba shi da ɓawo.

Wa ke sa ido?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da aka jera a kantin magani a Turai ko Amurka an gwada shi an ga yana aiki. Doka ba ta ce haka ba. A Amurka, dokar 1994 ta ware ƙwayoyin ƙarin gina jiki daga sahun magunguna. Kamfani ba ya buƙatar ya nuna wa FDA cewa kayansa na aiki kafin ya kai su kasuwa. Abin da ake buƙata shi ne ya rubuta, yawanci da ƙananan haruffa, cewa hukumar ba ta tantance da'awar ba, kuma ba a yi kayan domin gano cuta ko magance ta ko hana ta ba. Duk da haka, ƙididdigar hukumomin lafiyar ƙasar ta 2017 zuwa 2018 ta nuna cewa fiye da rabin baligan Amurka sun sha irin waɗannan ƙwayoyi a cikin wata guda kafin a tambaye su.

A Birtaniya da Tarayyar Turai a matsayin abinci ake ɗaukar su, kuma haramun ne a ce suna warkar da cuta. A Najeriya, lambar NAFDAC a jikin irin waɗannan kaya tana nufin an duba ba su da haɗari, shi ya sa da yawansu ke ɗauke da rubutun cewa hukumar ba ta tantance da'awar amfaninsu ba. Ghana da Saudiyya su ma suna da hukumomin abinci da magunguna da ke yi musu rajista.

Giɓin yana tsakanin abin da aka rubuta a roba da abin da ake faɗa da baki. Kamfani yakan tsaya a kan kalmomi masu taka-tsantsan, sai dillalin da ke samun la'ada kan kowace roba ya ɗauki bidiyo da Hausa ko ya tura saƙon murya ya yi alƙawarin waraka. Hukumomin Landan da Washington ba sa sauraron saƙonnin murya na Hausa, kuma hukumomin gida ba su da ƙarfin bin diddigin kayan da suka shigo a jakar matafiyi.

Me ya fi cancanta a aika gida?

Lesitin sinadari ne mai amfani a masana'antar abinci da ta magunguna, kuma kolin da ke cikinsa jiki na buƙatarsa, musamman mai juna biyu da mai shayarwa. Wanda ba ya cin ƙwai ko nama ko kifi yana iya tattaunawa da likitansa kan hanyar cike giɓin. Mai shayarwa da ke yawan fama da toshewar nono za ta iya gwadawa da sanin ungozomarta. Bayan waɗannan, hujjar ta yi ƙaranci.

Abin lura shi ne waken da ake tatso lesitin daga gare shi ana noma shi a Binuwai da Kaduna da Kano, ana soya awararsa a bakin titi daga Zariya har Maraɗi, ana kuma yin madara da daddawa da shi. Kuɗin roba ɗaya a Landan ko Riyad zai sayi ƙwai na makonni a gida.

Wanda ke son yi wa iyaye hidimar lafiya daga nesa yana da zaɓin da aka tabbatar da amfaninsa: na'urar auna hawan jini, da kuɗin gwajin suga da kitsen jini, da gwajin ciwon hanta nau'in B ga duk mutanen gida tare da rigakafi ga waɗanda ba su kamu ba, sai kuma tabbatar da cewa maganin da likita ya rubuta bai yanke ba. Shi ma mai aikawar kada ya manta da kansa. A Ingila, hukumar lafiya ta NHS tana gayyatar masu shekara 40 zuwa 74 da ba su da wasu cututtuka na dindindin domin duba lafiyar zuciya kyauta duk bayan shekara biyar, kuma wasiƙar gayyatar takan kwana a kan tebur ba a buɗe ba.